Ƙwan Sallau

Ni dai kiwon zabi na sani.
Shekara talatin a Yelwa ta Garwa
ina sa ƙwan zabuwa ƙarƙashin kaza,
don zabuwa ba uwa ba ce, ta saka ta yi gaba.
Kwana ashirin da takwas, sai akurki ya ɗau kuka.

Sai ga jikana Sallau da nasa kiwon,
garke guda cikin waya mai tsagaggen gilashi.
Ba dusa, ba gara, ba kashi a tsakar gida.
Ya ce dodanni ne. Na ce a'uzubillahi.
Ya ce, Iya, ba irin na rijiya ba,
wannan na wuta ne, wancan na ruwa,
in an haɗa su ɗaki guda
sai a wayi gari da ƙwai.
Na ce, wuta da ruwa? Wa ya biya sadakin?
Ya yi dariya har ƙafar ta motsa, ya ce wash.

Ƙafar ke nan da babur ya karya ran Laraba,
mai ɗori ya ce kwana arba'in ba takawa.
Ƙwan kuwa ba ruwansa da ɗumin kaza,
tafiya yake so, wai taku dubu goma,
wayar na ƙirgawa kamar mai bin bashi.

To wa zai taka?
Na ƙulle ta a bakin zane, inda nake ƙulle sefa.

Muka tafi kasuwa, nawa ƙwan a ƙwarya bisa kai, nasa a ƙugu.
Na ratsa gidan Astajam ba don komai ba,
ta ce lafiya? Na ce kwanci nake yi.
Na gangara har gadar Binuwai,
rana na dukan ƙeya,
masu wanki sun shanya rabin Garwa a kan yashi,
wata dorina ta leƙo da hanci ta koma.
Ni da ba na fita sai da dalili,
yau ga ni ina yawo kan ƙwan da ba ya soyuwa.

A tsakiyar gada ƙuguna ya yi kuka.
Na kwance. Ƙwan na rawa,
ya tsage nan, ya tsage can,
sai ga wani abu toka-toka, kunnuwan jemage,
ido ɗaya ya fi ɗaya,
yana dubana irin duban ɗan tsako
ga abin da ya fara gani.
Wallahi sai da na ce masa sannu da zuwa.

Sallau ya duba, ya ja tsaki.
Wai gama-gari ne. Mai ruwan zinariya yake nema,
ya ƙyanƙyashe tamanin da shida, duk ya sake su.
Na ce, ka sake su ina?
Ya ce, Iya, dannawa kawai ake yi.
Na ce, akwai shaho a can?
Ya ce, ai babu can.

Na zauna bakin gadonsa, dugadugaina na zugi.
Na ce, wannan dai da sawuna aka yi shi.
Na taɓa ɓare wa ɗan zabo ɓawo da farce,
gurgu ya tashi, ba mai taya shi ko dala,
amma daren da ɓarawo ya hauro
shi ya tashi unguwa.

Ya yi shiru. Can ya ce, to sa masa suna.
Na ce Gada.
Ya rubuta da babban yatsa.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta, wayar ta mutu.
Na so in tambaya ko yana jin duhu a ciki,
Sallau ya riga ya yi barci.
Na ɗauke ta daga kan tabarma,
na kai ta kwandon ƙaiƙayi, gefen kazar da ke kwanci.
Ta harare ni, ta gyara fiffike.

Gobe akwai wani ƙwan, wai taku dubu biyar.
Bari in jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da gishiri.